Tsohon Jirgin Ruwa: Yadda Ake Sanin Kuɗinsa Na Gaskiya

Duk wanda ya zaga ƙauyukan bakin rafi na kudancin Jihar Jigawa da rani, daga wajen Kiyako a ƙasar Birnin Kudu har zuwa Gwaram, ba zai rasa ganin wani tsohon kwale-kwale kife a gindin bishiya ba, awaki na hawa suna sauka, yara na wasan ɓuya a ƙarƙashinsa. A wannan lokaci ba mai kallonsa sau biyu. Amma bari watan Agusta ya kama, rafuka su cika su batse, kogin Bunga ya kawo ruwa daga tuddan Jos ya bi ta ƙasar Gwaram zuwa Jama'are, to, a ranar ne za ka ga darajar wannan itace. Da shi manomi zai ƙetara zuwa gonarsa, da shi za a kai mai naƙuda asibiti, da shi mata za su kai kaya kasuwa.

Matsalar takan taso ne ranar da za a sayar da shi. Mai jirgi ya rasu ya bar mata da 'ya'ya, ga kuɗin makaranta ya matso. Ko kuwa ya tsufa, ƙarfin tuƙi ya ƙare, yaran sun tafi birni. Sai wani ya zo ya taya. Magada ba su san ko tayin ya yi daidai ba, domin ba su taɓa sayen jirgi ba, ba su taɓa sayarwa ba. Wani zai ce musu, ai wannan ruɓaɓɓen itace ne, ku karɓi abin da aka ba ku. Wani kuma zai ce, kada ku yarda, tsohon abu ne, Turawa na sayensa da tsada. Tsakanin waɗannan maganganu biyu, ko dai a cuci gwauruwa da marayu, ko kuwa jirgi ya zauna gara ta cinye shi ana jiran mai sayen da ba zai zo ba. Akwai kuma abin da ya fi waɗannan muni, wato a shafe ruɓa da kwalta a sayar wa wani, ya loda mutane ya shiga tsakiyar ruwa.

Saboda haka muka ga ya kyautu mu zauna da mai karatu mu bi wannan magana daki-daki.

Kuɗi iri uku a jikin jirgi ɗaya

Abu na farko da ya kamata mai sayarwa ya gane shi ne, tsohon jirgi yana iya samun kuɗi ta hanya uku. Akwai kuɗin aiki, wato abin da mai fito ko masunci zai biya domin sauran shekarun da jirgin zai yi yana ɗaukar kaya. Akwai kuɗin itace, wato abin da kafinta ko makiyayi zai biya idan jirgin ya daina shiga ruwa. Akwai kuma darajar tarihi, wadda ba kowane jirgi ke da ita ba, kuma a ƙasarmu doka ta sa mata iyaka.

Yawancin rigimar ciniki daga haɗa waɗannan uku take fitowa. Mai sayarwa yana tuna mahaifinsa da shekarun da ya yi yana ci da iyali da wannan jirgi, sai ya sa kuɗin ƙauna a kai. Mai saye kuwa ba ruwansa da wannan, shi dai yana lissafin damina nawa zai samu. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani, gaskiya ne, amma itacen da ke kwana cikin ruwa ba zuma ba ne. Kowace shekara ragewa yake yi.

A fara da sanin itacen

Jiragenmu na gargajiya iri biyu ne. Akwai na sassaƙa, wanda ake fafe gungumen itace guda da gatari da gizago, shi ne wasu ke kira komi. Akwai kuma na katako, wanda kafinta ke haɗa fallaye da ƙusa, ya toshe tsakaninsu da auduga ko tsumma, ya bi da kwalta. Na katako ya fi ɗaukar kaya, ya fi sauƙin gyara, domin in falle ɗaya ya lalace ana cire shi a sa wani. Na sassaƙa kuwa ba shi da mahaɗa da yawa da ruwa zai bi, in itacen mai kyau ne yakan daɗe ƙwarai, amma in ya tsage daga goshi zuwa ciki, gyaransa da wuya.

Irin itacen shi ne rabin kuɗin. Maɗaci da kawo suna da nauyi da ƙarfi, suna jure ruwa da ƙwaro. Rimi yana da sauƙin sassaƙa, ba shi da nauyi, yana tasowa sosai a kan ruwa, amma yana saurin ruɓa. A cikin katakon da ake kawowa daga kudu, iroko yana daɗewa, obeche kuwa fari ne marar nauyi, ba ya jure laima. Jirgi biyu masu tsawo ɗaya da shekaru ɗaya, ɗaya na maɗaci ɗaya na rimi, kuɗinsu ba zai zo kusa da juna ba. Idan ba ka iya rarrabewa ba, kankare ɗan wuri da wuƙa a gefen sama. Maɗaci ja ne, da wuya wuƙa ta shige shi. Rimi fari ne mai taushi.

Akwai dalilin da ya sa jirgin maɗaci mai lafiya ya ƙara daraja a zamanin nan. Manyan itatuwan da za a fafe jirgi guda a cikinsu sun yi ƙaranci a dazuzzukanmu. Abin ya kai har taron ƙasashen duniya kan cinikin tsirrai da namun dajin da ke fuskantar ƙarewa, wanda aka yi a Panama a 2022, ya sa maɗaci da kawo na Afirka cikin jerin itatuwan da ba a fita da katakonsu waje sai da takardar izini. Madobiya ta riga su shiga wannan jeri tun 2017. Wanda ya gaji jirgin sassaƙa na maɗaci mai tsawo, ya sani cewa samun irinsa sabo ba ƙaramin aiki ba ne, kada ya bari a raina masa shi.

Yadda ake duba lafiyar jirgi

Gani ya kori ji. Kada a yi cinikin jirgi yana cikin ruwa ko yana kife cikin ciyawa. A jawo shi fili, a wanke laka, a duba ciki da baya da rana tsaka.

A ɗauki ƙotar gatari ko dutse a bi jikin jirgin ana ƙwanƙwasawa, taku-taku, daga goshi har ƙarshe. Itace mai rai yana amsawa da ƙara mai kaifi. Inda ya ruɓe ta ciki, ƙarar takan mutu, ka ji kamar ka bugi buhun dusa. Duk inda aka ji haka, a soka ƙusa ko bakin wuƙa. In ta shige ba tare da an danna da ƙarfi ba, wurin ya tafi.

Wuraren da suka fi lalacewa sanannu ne. Gindin jirgi yana cinyewa saboda jan da ake yi masa a kan yashi da tsakuwa, har ya zama siriri ba a sani ba. Goshi da ƙarshe suna tsagewa, domin nan ne bakin jijiyoyin itace suke, nan rana ta fi busarwa. A jirgin katako kuwa, a duba kewayen kowace ƙusa. In ka ga itacen ya yi baƙi a zagaye da ita, tsatsa ce ta ci, ƙusar ba ta riƙe komai. A kama gefen jirgin a girgiza, in fallaye suna motsi dabam da haƙarƙarin ciki, gyaran babba ne. A duba kuma hanyar gara da ƙananan ramukan ƙwaro masu zubo da gari.

Faci ba abin kunya ba ne, babu tsohon jirgin da ba shi da shi. Abin tambaya shi ne me ke ƙarƙashinsa. Facin katako da aka yanka daidai aka kafa a kan itace mai lafiya ba ya rage kuɗi sosai. Amma gwangwani ko guntun kwano da aka buga aka lafta masa kwalta yakan tara laima a ƙarƙashi, ruɓa ta ci gaba a ɓoye. Jirgin da aka yi wa sabuwar kwalta ko sabon fenti ana gobe ciniki, a ƙara masa ido.

Daga nan sai gwajin ruwa. A nan dole a yi wa mai sayarwa adalci. Jirgin da ya yi wata shida ko bakwai a tudu ya bushe, itacen ya tsuke, dole ya yi yoyo ranar farko. A bar shi cikin ruwa kwana biyu ko uku ya sha ya kumbura, mahaɗai su rufe. Bayan haka a kwashe ruwan, a loda masa buhunan yashi daidai nauyin da aka ce yana ɗauka, a ɗaure shi a bakin gaɓa, a zauna a ga yawan ruwan da zai shiga cikin awa guda. A lura kuma da abin da ya rage tsakanin bakin jirgi da fuskar ruwa, da ko yana karkata gefe ɗaya. Da yashi ake wannan gwaji, ba a yinsa da mutane.

Lissafi a ƙasa

Bayan an san itacen, an san lafiyarsa, sai a zo ga kuɗi. Kuskuren da aka fi yi shi ne a tambayi nawa marigayi ya saya. Wannan kuɗi ba ya nuna komai yanzu. Darajar naira ta sauya sau da yawa, musamman daga 2023 da aka janye tallafin man fetur aka kuma saki farashin canji, abin da ya ɗaga kuɗin katako da ƙusa da kwalta da na mota. Tambayar da ta dace ita ce: in za a yi sabo irinsa yau, nawa zai ci? A je wurin masassaƙi ko kafintan jirgi biyu ko uku a ji bakinsu, kowanne dabam.

Sai tambaya ta biyu: irin wannan jirgi shekara nawa yake yi a ruwanmu, kuma wannan saura nawa gare shi? Tsofaffin masu fito da Sarkin Ruwa su ne suka fi kowa sanin wannan.

Bari mu kawo misali, da lambobin da muka ɗauka don sauƙin lissafi kawai. A ce sabo zai ci naira 300,000, kuma irinsa yakan yi shekara 10. Ke nan kowace shekara tana cin naira 30,000. Masana sun duba sun ce wannan saura shekara 4 gare shi in an gyara. Shekara 4 sau 30,000 ya ba da naira 120,000. Kafinta ya ce gyaran zai ci naira 25,000. A cire, saura naira 95,000. In mai saye daga nesa yake, zai so a rage masa wani abu na kuɗin mota. To, ciniki na gaskiya zai zagaya wajen nan. Wanda ya taya 30,000 yana neman ɓagas ne. Wanda ya kafe a 250,000 shi ma zai kwana da kayansa.

Akwai hanya ta biyu ta tabbatar da lissafin. A tambaya, nawa jirgin ke kawowa a damina guda bayan an cire ladan mai tuƙi da ɗan gyare-gyare? Mai saye mai hankali yana so kuɗinsa ya dawo tun jirgin na da sauran rai, ya kuma ci riba. In abin da jirgin zai kawo cikin sauran shekarunsa bai wuce kuɗin da aka sa masa ba, ba mai saye, kome kyansa.

A lissafa kayan da ke tare da shi dabam: matuƙai, gwangwalar tura jirgi, sarƙa da kwaɗo, koma ko taru in akwai. Sau da yawa akan haɗa su kyauta cikin ciniki, alhali kuwa kuɗi ne.

Wuri da lokaci

Jirgi ɗaya yana da kuɗi dabam-dabam gwargwadon inda yake. A kudancin Jigawa yawancin rafuka na damina ne, suna cika wata uku ko huɗu, da rani su koma yashi. Jirgi a nan yana aiki kaɗan, yana zaman rana da yawa. Amma a fadamun Haɗejiya da Nguru, inda ruwa ke daɗewa kuma su sana'a ce ta dukan shekara ga mutane da yawa, masu bukata sun fi yawa. Can ma al'amura sun sauya tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ga ciyawar kacala da ta toshe hanyoyin ruwa da dama, har siririn jirgi mai ratsa ciyawa ya fi babba amfani a wasu wurare. Yana da kyau a aika a tambayi farashin can kafin a sallama a gida.

Gada kuwa ita ce ajalin fito. Ranar da aka buɗe gada a mashigi, kuɗin jiragen wurin ya faɗi. Wanda ya ji ana shirin gina gada a mashiginsu, ya san abin da ke tafe. Mai saye daga wani gari shi ma ya bincika kafin ya biya.

Game da lokaci, jirgi ya fi tsada daga bazara zuwa farkon damina, sa'ad da kowa ke shirin ruwa. Ya fi araha bayan kaka. Iyalin da ba su cikin matsi, su jira. Amma su ajiye shi da kyau: a inuwa, a kife, a ɗora kan duwatsu kada ya taɓa ƙasa saboda gara. Inda akwai gurbin da ba ya ƙafewa, wasu sukan nutsar da shi gaba ɗaya, domin itacen da ke cikin ruwa ɗungum ya fi wanda ke jiƙa yana bushewa daɗewa.

In jirgi ya gama aikinsa

Idan gwaji ya nuna jirgin ba zai ƙara ɗaukar rai ba, bai zama banza ba. Ba a banza Bahaushe ya kira jirgin sassaƙa komi, ya kuma kira abin ba dabbobi ruwa da dusa komi ba. Masu kiwo da masu turka suna sayensa. Fallayen maɗaci ko iroko da suka rage da lafiya suna yin benci, ƙyaure, ko teburin mai kanti. Wannan shi ne kuɗin ƙasa, wanda jirgi ba zai faɗi ƙasa da shi ba. In za a sayar da shi a haka, ya fi kyau a raba shi biyu da zarto a gaban shaidu, don kada wani ya saya da sunan komin shanu ya mai da shi ruwa.

Darajar tarihi

Yanzu sai mu zo ga maganar masu cewa tsohon jirgi dukiya ce. Akwai gaskiya a ciki, kuma babbar shaidarta tana nan kusa da mu. A watan Mayu na 1987, wani Bafulatani makiyayi yana haƙa rijiya kusa da ƙauyen Dufuna, a bakin kogin Komadugu Gana, cikin ƙaramar hukumar Fune ta Jihar Yobe ta yanzu, sai ya ci karo da wani itace mai tauri a zurfin kamar mita 5. Ashe jirgin sassaƙa ne. Masana daga Jami'ar Maiduguri da Jami'ar Frankfurt ta Jamus, cikinsu har da Abubakar Garba da Peter Breunig, suka tone shi a 1994. Tsawonsa ya ɗan haura mita 8, faɗinsa kamar rabin mita, kuma daga dangin maɗaci aka sassaƙa shi. Awon da aka yi a ɗakunan bincike ya nuna ya kai shekara 8,000. Shi ne jirgi mafi tsufa da aka sani a Afirka, kuma yana cikin 'yan ƙalilan mafi tsufa a duniya. Daga baya aka ɗauke shi zuwa Damaturu. Abin da ya tsare shi dukan waɗannan shekaru shi ne laka mai ruwa da ta rufe shi, iska ba ta kai gare shi ba.

Shekara guda kafin wannan, a 1986, fari ya sa ruwan Tekun Galili ya ja baya, wasu masunta biyu 'yan'uwan juna suka ga wani tsohon jirgi cikin laka. Tsawonsa kamar mita 8 ne, faɗinsa ya haura mita 2, irin wanda ake tuƙawa da matuƙai a kuma ɗaga masa zane iska ta tura shi. Masana sun ce na wajen ƙarni na farko ne, wato irin jirgin da masuntan Galili ke aiki da shi a zamanin Almasihu, ko da yake babu wata shaida da ta danganta shi da wani mutum takamaimai. Abin lura gare mu shi ne, an sami itace wajen iri goma a jikinsa, faci a kan faci, alamar masu shi talakawa ne da suka yi ta lallaɓa shi. Da ya gama aiki suka cire duk abin da zai yi amfani a wani jirgi, suka bar gangar jikin ta nutse. Ke nan a idon masu shi kuɗinsa ya ƙare sarai. Shekara dubu biyu ne suka ba shi darajar da yake da ita yau, kuma sai da aka jiƙa shi shekaru da dama cikin wani magani mai kama da kaki kafin a iya nuna shi ga jama'a a Ginosar.

Darasi biyu ne a nan. Na ɗaya, jirgin kakanka mai shekara arba'in ko hamsin bai shiga wannan sahu ba, kada wani ya ruɗe ka. Na biyu, abin da ya shiga sahun ba na kasuwa ba ne. Dokar da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa a 1979 ta hana saye da sayar da kayan tarihi sai ta hannun hukumar ko wakilin da ta amince da shi, ta kuma hana fita da su waje ba izini. Cikin abin da ta lissafa har da aikin hannu na gargajiya da aka yi kafin 1918. Mutanen Birnin Kudu ba baƙin wannan hukuma ba ne, domin ita ke kula da zane-zanen shanu na zamanin da da ke Dutsen Habude. Duk wanda ya ci karo da tsohon jirgi a binne wajen haƙar rijiya ko ɗibar yashi, kada ya fito da shi rana, zai tsattsage cikin 'yan kwanaki. Ya mayar da jiƙaƙƙiyar ƙasa a kai, ya sanar da mai gari da hukuma.

Yadda Turawa ke nasu

Gaskiya ne a Ingila da Amurka da Kanada akwai masu sayen tsofaffin kwale-kwalen katako don sha'awa, musamman masu zanen iska. Wannan sha'awa ta samo asali tun 1865, lokacin da wani Baturen Birtaniya mai suna John MacGregor ya zaga kogunan Turai da ɗan jirginsa Rob Roy ya rubuta labarin tafiyar. Maƙera jiragen irin su J. Henry Rushton na garin Canton a Jihar New York, wanda ya rasu a 1906, sun yi suna har yau ana neman aikinsu. Kamfanin Old Town na Jihar Maine yana buga lamba a jikin kowane jirgi, kuma an adana takardun ƙirar, har mutum yana iya gano shekarar da aka yi nasa da inda aka fara aika shi.

To, me suke dubawa wajen sa kuɗi? Sunan wanda ya ƙera, takardar shaida, ko kayan asali suna nan cikakku, da lafiyar itacen. Jirgin da aka lulluɓe da roba don ɓoye lalacewa kuɗinsa faɗuwa yake yi a wurinsu, kamar dai namu mai facin kwano. Su ma sun san cewa sau da yawa kuɗin gyara yakan zarce abin da za a samu in an sayar. Abin da za mu ɗauka daga gare su shi ne rubutu. Wanda ya sayi sabon jirgi yau, ya rubuta sunan masassaƙi, irin itace, shekara, da kowane gyara a ɗan littafi. Ranar sayarwa wannan littafi zai kashe gardama, zai kuma tsare magada.

Ranar ciniki

Kada gwauruwa ko maraya su shiga cinikin jirgi su kaɗai. A kira mutum biyu da suka san ruwa, waɗanda ba su da niyyar saye, su faɗi ƙimarsu kowa dabam. A sa wani dattijo na dangi ko na ikilisiya ya zauna a wurin. In da dillali, a yanke la'adarsa tun farko, a kuma san ko na wane ne shi. In mai saye ya ce, "Inna, ai jirgin nan ya mutu, taimaka miki zan yi," amsar ita ce, "Albarka, ɗana. Mun sa an duba, ga abin da aka ce. In ka shirya ka dawo." Ba dole ba ne a sallama a tayin farko. In an shirya, a rubuta takarda: tsawon jirgi, irin itace, aibin da aka nuna, nauyin da aka gwada shi da shi, kuɗi, da sa hannun shaidu.

Wannan magana ta aibi ita ce mafi nauyi a cikin duk abin da muka faɗa. Wanda ya sayar da akuya mai ciwo ya cuci mutum guda. Wanda ya sayar da ruɓaɓɓen jirgi ya yi shiru, bai san adadin gidajen da zai sa makoki ba. Ba mu manta da ranar 30 ga Nuwamba 2021 ba, sa'ad da jirgi ya kife a madatsar Watari ta Bagwai a Jihar Kano, mutum aƙalla 29 suka rasu, yawancinsu yara. A watan Mayu na wannan shekarar kuma wani ya nutse a kogin Kwara wajen Warra ta Jihar Kebbi da mutane fiye da ɗari. Lodi fiye da kima da rashin lafiyar jirage su ne abin da ake yawan ambatawa bayan irin waɗannan haɗura. Hukumar kula da hanyoyin ruwa na cikin gida, wadda aka kafa a 1997 da hedkwata a Lokoja, ta hana tafiyar dare da wuce kima wajen lodi, ta kuma wajabta sa rigar kariya daga nutsewa. Wanda zai sayi jirgi don fito ya sa kuɗin waɗannan riguna cikin lissafinsa tun farko.

Saboda haka, ɗan'uwa mai sayarwa, ka nemi haƙƙinka cikakke, kada ka ji kunyar cewa albarka. Amma ka kama hannun mai saye ka ɗora a kan kowane faci, ka gaya masa abin da ke ƙarƙashi, ko da hakan zai rage maka naira dubu ashirin. Kai kuma mai saye, kada ka ga mace cikin takaba ka ce kasuwa ta yi kyau. Ka biya abin da masana suka ƙiyasta, ka yi gyaran kafin ruwa ya kawo, ka gwada da yashi, sa'an nan ka kira fasinja. Watakila 'ya'yan mai sayarwa ne za su fara shiga, watakila naka ne.